Wa ya gina fadar majalisar Sisili: Musulmi ko Normawa?

Malam Bala: Jama'a, ga maganar da nake so mu warware. Ana yawan cewa fadar Palermo, wadda majalisar dokokin yankin Sisili a Italiya ke zama a ciki tun 1947, sarakunan Musulmi ne suka gina ta a ƙarni na 9, Normawa kuma, mayaƙan Kirista daga arewacin Faransa, suka tarar da ita. Ni na yarda da hakan. Rundunar Aglabawa, sarakunan Musulmi na Tunisiya ta yau, ta sauka Sisili a 827 ƙarƙashin alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, almajirin Imam Malik. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, ta zauna a hannun Musulmi shekara fiye da 200. A ce duk wannan zaman ba su gina komai a kan tudun da fadar take, wanda ya fi ko'ina tsaro a garin ba?

Dakta Hadiza: Malam Bala, tambayar ita ce me ya rage a tsaye. Da aka yi tono a 1984 a ƙarƙashin fadar, ganuwar mutanen Kartaj, tsohuwar daular Arewacin Afirka, aka tarar, ta wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa: manyan duwatsu sassaƙaƙƙu, an jera su ba tare da kwaɓi ba, har da ƙofa. Abin da ke sama kuwa, hasumiyoyin Pisana da Joharia da majami'ar fada, duk na ƙarni na 12 ne. Ɗakin da za a nuna a ce na wani amir ne, babu.

Malam Bala: To Joharia fa? Sunan ma na Larabci ne.

Dakta Hadiza: Fadar Roger na Biyu, sarkin Normawa, har da Larabci take rubuta takardun ofis. Suna ba ya nuna shekarar gini.

Injiniya Sabo: Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi. A 937 Fatimawa, waɗanda suka gaji mulkin Aglabawa, sun gina sabon gari mai ganuwa kusa da tashar jiragen ruwa, Al-Khalisa, unguwar da ake kira Kalsa yau. Matafiyi Ibn Hauƙal ya ziyarci Palermo wajen 973, ya ce a can mai mulki ke zaune, da ofisoshinsa da kurkuku da ma'aikatar jiragen ruwa. Ruɗanin ya taso ne daga kalmar Al-Ƙasr, wato fada, wadda a wurinsa sunan tsohon garin ne baki ɗaya, ba fada guda ba. Ko da Aglabawa sun yi sansani a tudun, gwamnati ta bar wurin shekara 135 kafin Normawa su ci garin a 1072.

Alhaji Nura: Injiniya, ku ɗaga kai ku dubi rufin majami'ar mana. Muƙarnasi ne zalla, wato adon rami-rami na gine-ginen Musulmi, da rubutun Kufi, da hotunan masu kaɗa udu. Wane Banorme ne ya iya wannan?

Injiniya Sabo: Babu, Alhaji, kuma nan ne ake zamewa. Hannun masu aiki daban, mai biyan kuɗi daban. An naɗa Roger sarki a 1130, aka keɓe majami'ar a 1140, rubutun Girkanci na ƙubba kuma yana ɗauke da 1143.  Rufin ba daga gungume aka sassaƙo shi ba. Siraran alluna ne aka yanka ƙanana, aka harhaɗa su rami-rami, aka rataye a ƙarƙashin jinka, aka shafe da farin alli, sannan aka yi fenti a kai. Shi ya sa danshi ne babban abokin gabarsa: katako ya kumbura ya motse, alli ya tsage, fenti ya ɓare. Girgizar ƙasar 2002 ta ƙara ɓarna, gyaran bai kammala ba sai 2008. Masana da yawa na ganin masu zanen daga Masar ta Fatimawa aka ɗauko su. In haka ne, ko gadon Musulmin Sisili ba ne kai tsaye, ƙwararru aka yi haya daga waje.

Alhaji Nura: Amma dai Musulmi ne.

Dakta Hadiza: Ƙwarai, a kan rufi ban ja ba. Sai dai fadar da mai ziyara ke gani yau ma, yawancinta ba ta Normawa ba ce. Gwamnonin Sifaniya da suka koma ciki a tsakiyar ƙarni na 16 sun rushe hasumiyoyi, daga huɗu biyu suka rage. Tsakar gidan Maqueda ta 1600 ce. A kan Pisana aka ɗora ɗakin duban taurari a 1790, inda Giuseppe Piazzi ya gano ƙaramar duniyar Ceres ranar 1 ga Janairu 1801. 'Yan majalisa, 70 yanzu bayan an rage su daga 90, a zauren Ercole suke zama, shi ma ba aikin Roger ba ne. Ofishin shugaban yankin ma ba nan yake ba, yana fadar Orléans da ke kusa.

Malam Bala: Na sassauta kan hasumiyoyi, amma ban saki tudun ba. Daga 831 zuwa 937 gwamnan Musulmi dole ya zauna wani wuri cikin tsohon gari. Kuma ba a tone ƙarƙashin fadar duka ba.

Injiniya Sabo: Wannan gaskiya ne, majalisa na zama a kai. Abin da zai raba gardamar shi ne katanga da aka samu tukwane ko kuɗin Aglabawa a cikin ramin harsashinta, ba a cikin ƙasar ciko ba, domin ciko ana iya kwaso shi daga ko'ina.