Musayar Waƙa: Tsakanin Karofi da Kantin Kwari, Wa Ya Riƙe Gari?

Marinin Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Jiya da la'asar wani yaro ɗan makaranta ya tsaya a bakin karofinmu, ya daɗe yana kallon hannuwana, sannan ya tambaye ni ko ba na jin kunyar shiga masallacin Juma'a da su haka shuɗaye. Tambayar ta kwana a raina, shi ya sa na tsara waɗannan baitoci, kuma duk mai sana'ar da yake alfahari da unguwarsa ina gayyatarsa ya amsa mini.

Na fara da sunan Sarki Allah,
Da ya ba mu sana'ar nan ta rini.

A Ƙofar Mata aka haife ni,
Na buɗe ido kan baba da shuni.

Ubana ya gada gun kakana,
Karofi ya kai biyar a ƙarni.

Ku dubi hannuna ya yi shuɗi,
Wannan ne shaidata a cikin birni.

Toka da kanwa muke zubawa,
Mu bar su su nuna wuni bisa wuni.

Buzu ya taso daga Agadas,
Gurinmu yake neman rawani.

Abin da na samu a nan na kashe shi,
Maƙwabci in ya rasa ya same ni.

Shi ko mai sai da yadin ƙetare,
Ya zo ya yi wa Kanawa bayani.

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam, Baba. Na karanta baitocinka bakwai ina jinjina kai, sai na takwas ya zo ya taka ni, domin duk wanda ya san Kano ya san inda ake sayar da yadin ƙetare. Girmanka yana nan, amma tun da ka nemi bayani, ga shi.

Baba marini, na ji kiranka,
Ga amsa nan daga Kantin Kwari.

Ka ƙirga ramukan da ke aiki,
Saura nawa ne a cikin ɗari?

Farin yadin da kake tsomawa,
A shagona ka saye shi da sari.

Yara shida na yaye da hannuna,
Kowa yau yana da nasa wuri.

Daga Nijar da Chadi da Kamaru,
Kullum muna sauke baƙi a gari.

Ɗan dako da mai kura da mai shayi,
Duk a ƙofarmu suke cin alheri.

Shuɗin hannu ba ya biyan haya,
Tarihi ba ya zama jari.

Mai Littattafan Kurmi:

Baitin nan na farin yadi ya sami wuri, ba zan ɓoye ba, domin ya taɓa gaskiyar da marina ba sa son a faɗa a bainar jama'a. Sai dai ina tunatar da Alhaji cewa kafin a san da Kwari akwai Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa kuma ake rinawa a nan, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Saboda haka hanyar da baƙinka suke bi su zo shagonka, shuɗin Baba ne ya fara share ta.

Mai Gurasar Jakara:

Ina gaishe ku da kyau, Baba da Alhaji da Malam. Na ga maza sun fara rabon gari a tsakaninsu kamar babu mata a cikinsa, alhali hayaƙin farko da ke tashi a birnin nan kowace safiya daga tanderunmu yake fitowa.

Ku dakata, maza, ku saurara,
Tun kafin assalatu na fara,
Tanderu yana ci a Jakara,
Kafin ku farka na gasa gurasa.

Mai rini da mai dila duk ɗaya,
In yunwa ta tare su a hanya,
Ba mai tuna gado ko dukiya,
Bandashe kowa ke jira a tasa.

Da ribar nan na aurar da uku,
Na kai biyu makaranta a gabanku,
Ban taɓa zuwa roƙo ƙofarku,
Adashi ne bankina, ba na fasa.

Marayun layinmu sun san ni,
Ko fulawa ta hau ba sa rasa ni,
Wanda bai da ko sisi ya zo gare ni,
Ba ya komawa gida ya rasa.

Ɗan Kwari:

Hajiya, Allah ya ƙara wa tanderu albarka. Ni ba ni da amsa ga wannan, domin yaran shagona ma da gurasar Jakara suke karya kumallo, kuma na ga yadda hannun mai liƙa gurasa a jikin tanderu yake ƙonewa har gashinsa ya daina fitowa.

Maɗinkin Birnin Zariya:

Hajiya ta fi ku duka, kuma na faɗa ne ba don neman suna ba. Amma na lura tun da aka buɗe zancen nan babu wanda ya leƙa bayan ganuwar Kano, kamar sauran ƙasar Hausa babu masu sana'a. To, ga saƙo daga mai allura.

Kanawa kun cika baki da yawa,
Ku ba da wuri ga mutan Zariya.

Babbar rigar da kuke taƙama,
Allurarmu ta ba ta martaba da kwalliya.

Aska takwas sai an yi watanni,
Ana bin zare a cinya ɗaya-ɗaya.

Ku kun iya saye, kun iya sayarwa,
Mu mun iya yi, wannan ce gaskiya.

Marini dai na cire masa hula,
Da ni da shi hannu ne dukiya.

Mai Littattafan Kurmi:

Malam maɗinki, ma'anarka ta yi kyau, amma allurarka ta tsallake a baiti na biyu. Ɗangon da ka rufe baitin farko da shi, wato "Ku ba da wuri ga mutan Zariya", gaɓoɓi goma sha ɗaya ne, shi kuwa "Allurarmu ta ba ta martaba da kwalliya" goma sha huɗu ne cif, kuma duk wanda ya rera shi zai ji numfashinsa ya ƙare kafin ya kai ga amsa-amo. Da ka zubar da "martaba" ka bar "kwalliya" kaɗai, da ɗangon ya zauna daram. Wanda yake ƙirga zare a aska takwas bai kamata ƙirgar gaɓa ta gagare shi ba.

Maɗinkin Birnin Zariya:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan ɗangon, amma ina da tambaya. Me ya sa idonka bai ga ɗingishi ba sai da Bazazzagi ya yi magana? Alhajin Kwari ya ce "Duk a ƙofarmu suke cin alheri", gaɓa goma sha ɗaya, ya dawo ya rufe da "Tarihi ba ya zama jari", gaɓa tara, ka yaba masa ka wuce. Hajiya ta ɗora amsa-amon baitinta na ƙarshe a kan "ni" sau uku a jere, ba ka ce uffan ba. Bayan haka, a iya abin da aka koya mana, karin waƙar Hausa ba da yawan gaɓoɓi kaɗai ake auna shi ba, ana duba nauyinsu ne, wacce ce mai nauyi wacce ce sassauƙa, shi ya sa a bahar, wato nau'in karin waƙa, irin Mutadarak gaɓa biyu sassauƙa suke tsayawa a gurbin mai nauyi guda.

Malam ya auna ni da mudun Kurmi,
Na Kwari ya auna da na 'yan'uwa.

Mai Littattafan Kurmi:

Batun nauyin gaɓa gaskiya ka faɗa, kuma ban ce ƙirga kaɗai ce ma'auni ba. Amma ko da nauyin aka bi, ɗangon naka ya yi wa ƙafafunsa yawa, kuma babu zihafi, wato sassaucin da ƙa'idar awon waƙa ta yarda da shi, da zai ɗauke masa wannan kaya. Na Alhaji ya gaza, na yarda, sai dai gajeren ɗango mai rerawa yana iya jan wasali ya cike shi, dogo kuwa sai an haɗiye kalma. Game da Hajiya, ita ba ta ce ta zo gasar aruli, wato ilimin awon waƙa, ba, kai ne ka shigo da cewa kun iya yi.

Mai Gurasar Jakara:

Malam, kada ka kare ni da cewa ban zo gasa ba, domin na zo. "Ni" ɗin da na maimaita da gangan na yi, saboda ni ɗin ce marayun suke zuwa wurinta. Ina roƙonku ku bar awon gaɓa haka, ku dawo kan tambayar Baba, wadda har yanzu ban ga an amsa ta yadda ya kamata ba.

Telan Kakuri:

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar yadin ƙetare ta shafe ni fiye da kowa a nan, domin na yi shekaru a gaban injin saƙa kafin a sallame mu. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma a lokacin da masaƙun suke raye unguwarmu ba ta barci, saboda masu abinci da masu haya da masu gyaran keke duk da jiniyar canjin aiki suke rayuwa. Babbar cikinsu ta rufe a 2007, kuma abin da ya sami Kakuri shi ya sami masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Ina son Baba ya ji wannan daga bakin wanda abin ya ci.

Ni na ga Kakuri ran da take Kakuri,
Jiniya na kira, dubbai na fita.

Audugar Funtuwa da ta Gusau,
A nan take zama atamfar mata.

Ba ɗan Kwari ne ya kashe injin ba,
Baƙin mai ya yi tsada, an ɗauke wuta.

Fasa-ƙwauri ya shigo ta kan iyaka,
Masu ikon hanawa suka manta.

Yau keken ɗinki ɗaya ne nawa,
Da shi nake kai yara makaranta.

Maɗinkin Birnin Zariya:

Wannan ita ce waƙar da ta fi kowacce a zauren nan, kuma ina jiran in ga ko Malam zai ƙirga mata gaɓa, tun da ita ma daga ƙasar Zazzau ta fito.

Marinin Ƙofar Mata:

Ku yi mini afuwa, kwana biyu ban leƙo ba, domin mun haɗa sabon rami, kuma wanda ya san aikin ya san ba a barinsa ba tare da motsawa ba har sai kumfa ta taso ruwan ya nuna. Ɗana ne ya karanta mini duk abin da aka rubuta. Malam tela, na ji maganarka kuma ta sosa mini rai, ban ɗora wa ɗan Kwari rufe masaƙu ba. Abin da nake ƙorafi a kansa daban ne. Matan unguwarmu ne suke zama a cikin gida su ɗaure farin yadi da zare, ƙulli bayan ƙulli, kafin ya zo hannunmu, daga nan ya wuce wurin masu bugu su daka shi da itace har ya yi ƙyalli, saboda haka zani ɗaya gida uku yake ciyarwa. Idan aka ɗauki wannan zanen aka buga shi da inji a wata ƙasa, gida ukun nan ne suke kwana da yunwa.

Ɗana na Kwari, na ji batunka,
Farin yadi naka ne, na sani.

Amma zanen da muka ɗaure da zare,
Wa ya kai shi Sin? Ka yi tunani.

An kwaikwayi shuɗinmu da inji,
An kawo shi araha, kowa ya gani.

Wanki biyu ya koɗe ya yi fari,
Namu yakan tsufa tare da mai zani.

Ramukan da ka ce ba sa aiki,
Ciwon har da kai, ka kawo magani.

Ka ce tarihi ba ya zama jari,
Da sunan Kano kake cin lamuni.

Mai Littattafan Kurmi:

Baitin ƙarshen nan ya rama wa Baba duk abin da aka yi masa, har da riba. Wanda ya zo daga Maraɗi ko Njamena ya bar wa ɗan Kwari kuɗinsa ya tafi ba tare da takarda ba, amanar da kakannin Kurmi da karofi suka gina ce yake dogaro da ita.

Ɗan Kwari:

Baba, ni ban taɓa ɗaukar zanen kowa na kai waje ba, amma ba zan rantse a kan kasuwa gaba ɗaya ba, domin na ga irin kayan da kake faɗa a rumfuna. Abin da nake so ka duba shi ne aljihun mai saye, musamman tun daga 2023 da aka cire tallafin mai kuɗin mota da na abinci suka cinye abin da mutum zai sa a jikinsa.

Baba, batun lamuni ya shige ni,
Ban musa ba, sunan na da tasiri.

Amma mai haɗa lefe a bana,
Aljihunsa ba ya jin kirari.

In ya taya naka ya ji tsada,
Ni ne ke rufa masa asiri.

Kawo turmi goma ran Asabar,
In sa su a gaba in ba su tsari.

In sun yi wata ba a taya ba,
Kai za ka sauko, ba ni zan yi ƙari.

Mai Gurasar Jakara:

Alhaji, idan da gaske kake, ka ajiye mini turmi ɗaya mai duhun shuɗi, zan biya daga kwasar adashin ƙarshen wata, kuma a farashin Baba zan biya.

Marinin Ƙofar Mata:

Na karɓi tayin, amma ka sani tun yanzu ba zan sauko ba, domin a cikin kuɗin akwai haƙƙin mai ɗauri da na mai bugu, kuma ba ni da ikon rage musu. Sharaɗina ɗaya ne, kada ka jera su kusa da na inji, kuma duk wanda ya tambaya ka gaya masa a Ƙofar Mata aka rina. Turmi takwas ne a hannu yanzu, biyu suna wurin bugu, ɗana zai kawo maka su duka ranar Asabar bayan azahar.