Idan ɗan akwatin VS Code ya nuna maka ƙimar da ba ita ba

Ran kasuwar Maigatari muka zauna a shagon cajin waya, wani ƙanenmu ya kawo kukansa. Ya rubuta ɗan shirin kwamfuta na lissafin buhunan riɗi da yaren Python, amma in ya tsayar da shi yana tsaka da gudana don binciken kuskure a VS Code, manhajar rubuta shiri, ya ɗora linzami kan sunan da ke riƙe da jimilla, sai ɗan akwatin da ke fitowa ya ce 40, alhali 65 ne.

Babbanmu ya ce, "Ƙane, layin da aka haska bai gudana ba tukuna, tsohuwar ƙima kake gani. Matsa taki ɗaya."

Shawarar da ta fi kama ni ita ce ta suna. Akwatin suna kawai yake karantawa, ya nemi ƙimarsa a inda shirin ya tsaya. In suna ɗaya yana cikin wani sashe na shirin (function) yana kuma wajensa, na wurin tsayawar zai kawo maka, ko da kan ɗayan ka ɗora linzamin. Kamar ka kira Musa a gida mai Musa biyu. Kuskuren da yaron ya faɗa ciki ke nan.

Wani ya ƙara da cewa in ka gyara fayil ana tsaka da bincike, ka adana ka sake farawa, don layuka sun goce. In shakka ta rage, a sa print, umarnin da ke fito da ƙima a allo, a gani da ido.