Goge bututun bindiga a jajibirin gasa: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai tambaya, ɗan wasan harbin mita 50

Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayena da yayyena da suka daɗe a wasan harbin bindiga su ba ni labarin abin da ya taɓa faruwa da su. Shekara biyu ke nan ina harbi da bindiga mai cin harsashin .22, wato mai faɗin inci 0.22, kuma a jajibirin wata gasa na zauna na goge bututun tas, har ƙyallen ya riƙa fitowa fari fat. Da safe na yi harbin gwaji uku kawai na shiga neman maki, sai harsasan farko suka watse, wannan sama wancan gefe, alhali da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Kafin bindigar ta daidaita, na riga na zubar da makin da ba zai dawo ba. Shin gugar ce ta jawo, ko hannuna ne ya yi rawa?

Dattijo, tsohon mai horar da 'yan wasa

Wa alaikumus salam, ɗana. Hannunka lafiya lau yake. Harsashin .22 dalma ce da aka shafe da maiƙo mai kama da kakin zuma, kuma kowane harbi yana barin siririn shafi a jikin bututu, wanda harsashin baya yake sulɓi a kansa. Da ka goge komai ka bar ƙarfe tsirara, gudun harsasan farko yakan bambanta, har sai shafin ya sake kwanciya. Bindigata ƙirar Anschütz, wadda na riƙe shekaru masu yawa, ba ta komawa daidai sai bayan harbi goma sha biyu ko sha biyar, kuma na san haka ne domin na rubuta a littafi sau da dama. Haka nan idan na bar harsashin Eley na koma na Lapua, sai na goge na sake farawa, saboda maiƙon kamfanonin ba ɗaya ba ne. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta ba ka minti 15 na shiri da gwaji, ba ta kuma ƙayyade yawan harsasan da za ka harba a ciki ba, don haka harbi uku rowa ce da ka yi wa kanka.

Amma kada wannan ya sa ka daina guga, domin na taɓa cutuwa ta wancan ɓangaren ma. Akwai zoben kunkunniya da dalma da ke taruwa daidai inda bakin kwanso yake tsayawa a mazaunin harsashi. Na fara lura da shi ne lokacin da sakatar bindiga ta soma yi mini nauyi wajen rufewa, da na zaro harsashin da ban harba ba sai na ga an karce shi a kewaye. Ƙyalle ba ya cire wannan zobe, sai ɗan buroshi da ruwan wanki, a juya a hankali a wurin kaɗai.

'Yar wasan bindigar iska, mita 10

Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Mu namu da sauƙi, tunda babu albarushi, sai ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Sai dai maki gomanmu ɗigo ne na rabin milimita, ga harbi 60, don haka ni ma ba na taɓa bututu idan gasa ta matso. Ina jan ƙyalle busasshe da zare ne bayan na ƙarar da gwangwanin ƙwaya ɗaya ko biyu. Gargaɗina ga sababbin shiga shi ne kada mai ya kusanci bakin tukunyar iska, domin iskar da aka matse har bar 200 a ma'aunin matsin iska tana iya kunna shi. A kuma duba shekarar da ke jikin tukunyar, saboda bai kamata ta wuce shekara goma ba, kuma masu binciken kaya suna iya dubawa.

Mazaunin Ingila, mai harbin nesa

Malam mai tambaya, ni a filin Bisley nake harbi, inda aka mayar da babbar gasar ƙasar tun 1890, kuma muna kai wa har yadi 1000 da harsashin .308. Harsashinmu yana sanye da rigar jan ƙarfe, shi ya sa abin da ke manne mana a tsagin bututu ya bambanta da naku. Ruwan wanki mai ammoniya yana narkar da shi, ƙyallen ya fito shuɗi. Na taɓa shafe kusan awa guda ina guga shuɗin bai ƙare ba, ashe buroshin tagullar da nake amfani da shi ne ruwan yake ci.

Babban baƙin cikina kuwa a kan bindigar da na saya hannu na biyu ne. Duk yadda na yi, harsasai ba sa taruwa wuri ɗaya, har na fara zargin idona. Da maƙerin bindiga ya ɗora gilashin ƙara girma a bakin bututun, sai ga leɓen ya cinye ta gefe guda kamar bakin tsohuwar wuƙa, alamar cewa mai ita na farko ta gaba yake zura sandar guga. A wannan leɓe harsashi yake rabuwa da bindiga, kuma idan iskar da ke tura shi ta riga fita ta gefe ɗaya, sai ta karkatar da shi. An yanke ɗan kaɗan aka sake gyara bakin, bindigar ta dawo. Tun daga ranar ta baya nake shigar da sanda, bayan na cire sakata na tabbatar babu harsashi, tare da bututun roba mai riƙe sandar a tsakiya, kuma idan ƙyalle ya leƙo ta gaba nakan cire shi kafin in janyo sandar.

Ɗan wasa daga Kaduna

Abin da zan ƙara na yanayinmu ne. Da hunturu ƙura takan manne wa sandar guga mai maiƙo ta zama kamar yashi, saboda haka nake share sandar duk lokacin da ta fito. Da damina kuma na taɓa barin bindiga mako biyu cikin akwati mai soso, na buɗe na tarar da ɗigon tsatsa a bakin bututu. Yanzu ina shafa mai kaɗan idan zan ajiye, in share shi da busasshen ƙyalle kafin harbi.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran yayyena. Jiya na goge bututun na je fili da littafi, kuma tawa a harbi na goma sha ɗaya ta fara tara harsasai wuri guda. Na kuma haska fitila a mazaunin harsashi na ga baƙin zoben nan. Baba, buroshin roba zai isa a cire shi, ko sai na tagulla?