Don Allah a taimaka: sabunta Ubuntu ba tare da kashe na'ura ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta. Matsalar nan ta fi sati biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina kula da wata saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai) mai aiki da tsarin Ubuntu 22.04 a shagon maigidana a Kantin Kwari, ita ke riƙe da lissafin atamfa da shadda da na masu bashi. Kashe ta ko na minti biyar ne, sai layi ya taru. Watan jiya na sake kunna ta da daddare, ta ƙi tashi sai da asuba, ranar ban runtsa ba.

Shi ya sa na saka Livepatch na Canonical (kamfanin da ke yin Ubuntu), wato manhajar da ke toshe ramukan tsaro ba tare da an sake kunna na'ura ba. Yana nuna komai lafiya, amma bayan wasu sabuntawa sai saƙo ya fito wai a sake kunna na'ura. Na fahimci kanel, wato zuciyar tsarin, kaɗai Livepatch yake yi wa faci, shi ma manyan ramukan tsaro. To, sauran ɓangarorin da manhajoji da yawa ke dogara da su, irin su glibc da OpenSSL fa? Idan needrestart (mai gano manhajojin da ke buƙatar a sake tayar da su bayan sabuntawa) ya sake tayar da manhajojin kawai, ya wadatar, ko dole in ware dare ɗaya duk wata don sake kunna na'urar? Wanda ya taɓa fama da wannan ya haska mini, Allah ya saka da alheri.