Shin umarnin mv ya wadatar wajen mayar da /home kan sabon faifai?

Injiniya: Assalamu alaikum. A ganina, idan faifan kwamfutar aiki mai Linux ya cika aka sa sabo, umarnin mv, mai matsar da fayiloli, shi kaɗai ya isa a kwashe foldojin masu amfani da ke cikin /home, tunda yana riƙe sunan mai fayil da izini da kwanan wata. Sauran matakan wahalar da kai ne.

Malama: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba, Injiniya. A cikin faifai ɗaya suna kawai mv yake sauyawa, amma tsakanin faifai biyu kwafa yake yi, sannan ya goge na asali. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, za ka tarar wasu foldojin sun koma can, wasu suna nan, ɗaya kuma rabinta aka kwafa. Shi kuwa umarnin kwafa na rsync -aHAX ba ya taɓa na asali, kuma idan ya katse aka sake kunna shi, zai tsallake abin da ya riga ya kwafa.

Injiniya: Ai duk mai lura yana da kwafin ko-ta-kwana kafin ya fara.

Malama: Kwafin daren jiya ba ya ɗauke da aikin da mutane suka yi yau da safe. Har da rsync ɗin ma, sai kowa ya fita daga asusunsa kafin zagayen ƙarshe na kwafar, domin manhaja irin Firefox tana rubutu a fayilolinta na ajiyar bayanai (SQLite) muddin tana buɗe.

Dattijo: Ku yi haƙuri, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux inda za a ɗora kowane faifai. A rubuta a cikinsa lambar shaidar faifan (UUID) da umarnin blkid yake nunawa, ba sunan faifan ba, domin faifan da ake kira sdb yau yana iya zama sdc gobe. Kuma idan aka ɗora sabon faifai kan /home ba a kawar da tsoffin fayilolin ba, suna nan a ɓoye suna cin wuri, alhali ƙarancin wuri ne ya sa aka sayo faifan tun farko.

Injiniya: Na karɓi wannan, ranka ya daɗe, kuma hujja ce a gare ni, domin mv ba ya barin komai a baya.

Malama: Wannan ne abin da nake tsoro. A sauya wa tsohuwar folda suna zuwa /home.old, a ƙirƙiri sabuwar /home, a sake kunna kwamfutar, kowa ya shiga ya duba takardunsa. Sai an tabbatar komai ya cika za a goge ta.