Shekara biyu da wata bakwai bai fara haɗa magana ba: in jira ko in kai shi likita?

Maman Hamza, Garin Malam

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan ɗana na biyu, shekararsa biyu da wata bakwai. Wajen gudu da tsalle da dukan ƙwallo babu kamarsa a gidan, tuwonsa ma da hannunsa yake ci. Bakin ne shiru. Abin da yake faɗa bai wuce mama, baba, a'a da ruwa ba, sai 'yan kaɗan da ni kaɗai nake ganewa. In ƙishirwa ta kama shi sai ya riƙe bakin zanina ya ja ni har gindin randa ya nuna. Yayarsa tana shekara biyu take cewa "Mama ba ni fura." Surukata ta ce namiji ne, haka ubansa ya yi, amma a kai shi wanzami ya duba ko harshen a ɗaure yake. Maigidan kuma ya ce Barbarcin da kakar take yi masa ne ya rikita shi, a bari ya shiga jardan, makarantar ƙananan yara, bakin zai buɗe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Inna, Birni

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. Mun goyi maza mun gani, akwai wanda sai da ya kusa uku sannan bakin ya saki, yau in ya fara zuba sai an roƙe shi ya yi shiru. Ki yawaita yi masa addu'a. Wanzamin ne dai ban goyi baya ba, a bar aska nesa da bakin yaro.

Malama Rabi, mai awon yara a wata CSI (ƙaramar likitar unguwa)

Maman Hamza, gaskiyar Hajiya ce, akwai yaran da suke jinkiri su kamo daga baya. Matsalar ita ce daga gida ba a iya bambance wanda zai kamo da kansa da wanda wani abu yake tare masa hanya. Ga ma'aunin da muke dubawa. Yawancin yara a wata 24 suna haɗa kalma biyu, irin "ƙara ruwa" ko "baba ya tafi". A wata 30 kalmominsu sun kai wajen 50, kuma suna bin umarni mai gaɓa biyu, misali "ɗauko takalminka ka rufe ƙofa". A shekara 3 yaro yana faɗin sunansa, yana damun mutane da "mene ne wannan" da "ina Mama", kuma baƙo yana gane yawancin maganarsa. Hamza ya wuce wata 30 bai kai matakin wata 24 ba. Wannan ya isa a duba shi, ko da a ƙarshe a tarar babu komai.

Kafin in ci gaba, amsa mini waɗannan. In kika kira sunansa daga bayansa da murya ƙasa-ƙasa, yana waigowa? In kika ce ya ɗauko moɗa ba tare da kin nuna da hannu ko kin kalli wajen ba, yana ɗaukowa? Yana kallon idonki, yana kawo miki abu don kawai ki gani? Akwai kalmar da ya taɓa iyawa ya daina? Kunnensa ya taɓa yin ruwa?

Maman Hamza

Malama, kallon ido yana yi, har goyon 'yar tsanar yayarsa yake yi yana ba ta abinci. Babu kalmar da ya daina. Moɗar na gwada yanzu: da na faɗa kawai sai ya tsaya yana kallon bakina, da na nuna ya ruga ya ɗauko. Kira kuwa sai na ɗaga murya, muna cewa taurin kai ne. Kunnen dama ya yi ruwa da hunturu bayan mura, ya tsaya, ya sake dawowa.

Malama Rabi

To, kunnen za a fara dubawa. Wasan goyon nan da kallon ido alamu ne masu daɗi, suna nuna yana kula da mutane yana kwaikwayonsu. Amma yaro da abin da ya ji yake gina magana. Mura tana iya tara ruwa a bayan dodon kunne, wani lokaci ba zafi ba kuka, sai yaron ya riƙa jin magana kamar wanda aka cusa wa auduga. Zai ji ƙarar kabu-kabu da kiran salla, shi ya sa iyaye suke rantsuwa cewa yana ji, amma ƙananan sautukan da suke bambanta kalma da kalma suna wuce shi. Kallon bakinki da ya yi, neman maganar yake da ido.

A ƙa'idar aikinmu, kunnen da ya kai kwana 14 yana zubar da ruwa ciwo ne da ya zauna, yana son magani na musamman. Ki ɗauki katinsa na awo ki fara da CSI ta unguwarku, ki faɗa musu duka biyun, kunnen da maganar, ki nemi a tura ku wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a babbar likita ta ƙasa. Tun 2006 dokar Nijar ta yafe kuɗin duba yaran da ba su kai shekara 5 ba, sai dai ki riƙe ɗan abin hannu, wani maganin sai a farmasi. Kafin nan kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. In ruwan ya fito, a murɗa tsumma mai tsabta a tsane shi a hankali, ban da tsinke.

Su kuma auna damtsensa su duba jininsa tunda kin je. Tamowa da ƙarancin jini suna rage wa yaro kuzarin koyo, kuma a nan ba baƙin abu ba ne.

Batun wanzami: ɗaurin harshe, ko da akwai shi, ba ya hana yaro haɗa kalmomi. Abin da aska take kawowa shi ne zubar jini da ƙwayar cuta.

Maman Balkisa, Sabon Gari

Don Allah ki bi maganar Malama. Ɗiyar ƙanwata ta yi sanƙarau lokacin da ya ɓarke a jihar nan ta Damagaram, ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Ta warke muka yi ta murna, ashe ciwon ya tafi da jinta. An daɗe ana cewa miskilanci ne. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda a gwada jinsa.

Tanti Zali, malamar jardan

Ni kan maganar maigida zan tsaya. Jardan ba ta gyara kunne. Yaron da ba ya ji sosai in ya shigo aji mai hayaniya, ga Faransanci a kai, ƙara yin shiru yake, ko ya koma duka da cizo saboda ba a gane shi. Barbarcin kaka kuma ba shi da laifi. Yara nawa ne a Damagaram suka tashi da Hausa da Barbarci, ko Hausa da Fulatanci? Suna cakuɗa su da farko, daga baya su ware. In za ki ƙirga kalmominsa ki haɗa har da na Barbarcin.

A gida ki durƙusa daidai fuskarsa in za ki yi magana. In ya ja ki randa kada ki miƙa nan take, kuma kada ki hana shi har ya yi kuka. Ki ɗebo, ki ce "ruwa", ki ɗan dakata ki ba shi dama, sannan ki ce "sha ruwa" ki miƙa. Ya faɗi kalma ɗaya, ke ki mayar masa da biyu. A ja kunnen yayarsa ta daina amsawa a madadinsa, don yayye mata sun iya wannan. Salula fa? Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a rana gaban waya ko tele, in an rage ma ya fi.

Maman Hamza

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wayar yana riƙewa in ina girki, zan rage. Saura guda: yaya zan yi da surukata? Ta riga ta yi wa wanzamin magana, in na ce a'a za a ce na raina ta.

Hajiya Inna

Kada maganar ta fito daga bakinki, 'yata. Ki samu maigidan bayan ya ci abinci, ki sa shi ya tsaya bayan yaron ya kira shi a hankali, ya gani da idonsa. Shi zai je wurin mahaifiyarsa ya ce kunnen jikanta ne yake ruwa, za a kai shi likita tukuna, wanzami ya dakata. Ranar tafiya kuma ki roƙe ta ta raka ku, ita za ta riƙe shi a gaban likitan ta ji bayanin da kunnenta.