A kammala littafi kafin a karɓi kuɗin masu karatu, ko a riƙa sayarwa ana rubutawa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ga maganar da na kawo, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba: duk wanda bai kai ƙarshen littafinsa ba, bai kamata ya karɓi ko kwabon mai karatu ba. Tsarin da ake yayi yanzu kowa ya san shi. A saki shafi goma ko sha biyar kyauta, a tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, a ce mai son ci gaba ya turo ɗari biyar ko dubu, a zuba shi a zauren WhatsApp, sannan a riƙa taifin da dare ana saki da safe. To abin da aka saki ya saku. Idan ka kai shafi na 40 ka gane dalilin gabar gidaje biyu da ka kafa a shafi na 3 ba zai iya ɗaukar labarin ba, ba ka da halin komawa ka gyara, duk wanda ya biya ya riga ya karanta. Daga nan sai a ƙirƙiro haɗarin mota, ko aljani, ko wata kishiya daga sama don a toshe ramin. Ga kuma ranar da waya ta faɗa ruwa, ko haihuwa ta zo, ko aka yi rasuwa. Kuɗi an ci, littafi ya tsaya cak.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗi aibin tsarin, amma ba ka faɗi abin da ya haife shi ba. Fitar da littafi ba da izinin marubuci ba, shi ne ya haife shi. Cikakken littafi fayil ɗaya ne. Mutum ɗaya ya saya, ya danna tura sau ɗaya, kafin magariba ya zagaye zaurukan kyauta, washegari wani ya fara karanta shi a YouTube yana tara masu kallo. Daga ranar ciniki ya mutu. Shi kuwa littafin da ake saki shafi-shafi, mai son satarsa sai ya kwafa kullum har wata biyu ko uku, kuma wanda labarin ya shiga ransa ba zai jira na sata da ke zuwa a makare ba, biya zai yi don ya karanta da ɗuminsa. Kuɗin marubuciya a wannan tsakanin yake shigowa. Sannan maganar ɗabi'ar rubutu: marubuta nawa ne ke da babi uku na littafi kwance a waya shekara da shekaru? Sanin cewa mutane sun biya suna jira shi ke zaunar da mutum ya yi rubutu ko ba ya so.

Malam Nasiru:
Anti, zaunar da mutum yana yi, ban musa ba. Amma duba irin rubutun da yake fitowa. Shafin da aka rubuta ƙarfe sha ɗaya na dare don a cika alkawarin safe, rabinsa gaisuwa ce da lissafin kayan lefe da kalar leshi.

Malama Zainab:
Ku biyun kun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: lokacin rubutawa da lokacin saki. Babu abin da ya hana a kammala littafi tsaf, a gyara shi, sannan a riƙa sakinsa shafi-shafi kamar yadda Anti Rabi take so. Mai karatu bai san ko jiya aka rubuta shafin ko wata huɗu da suka wuce ba.

Bari mu yi lissafi. A ce littafin shafi 60 ne, kowane shafi kalma 1,500, jimla kalma 90,000. Mai rubuta kalma 1,000 a rana, kwana shida a mako, zai gama cikin mako 15. A ƙara mako uku na gyara. Amma mai sakin shafi ɗaya kullum yana rubutawa a ranar, kalma 1,500 ke kansa kowace rana har kwana 60 a jere, ba hutu ba gyara, ga amsa saƙonni da duba shaidar biya. Shi ya sa kurakuran nan suke maimaita kansu a kusan kowane rubutun da ake kawo wa mai gyara: yarinya tana da shekara 17 a farko, bayan an ce shekara biyu sun wuce tana nan a 17, ƙanin miji ya canja suna a tsakiya, ciki ya kai wata goma sha ɗaya, an bar Kano da azahar an isa Maiduguri kafin la'asar a mota. Maganinsu takarda ɗaya ce da ake buɗewa kafin a rubuta kalmar farko: sunan kowane ɗan labari, shekarunsa, dangantakarsa da sauran, garinsu, da jerin manyan abubuwan da za su faru tare da watan da suka faru. Duk abin da ya ƙaru a labari a koma a sa shi a takardar a ranar.

Anti Rabi:
Ƙanwata, mako 18 ba tare da ko sisi ya shigo ba fa kike faɗa. Wadda da kuɗin littafin take sayen data da biyan kuɗin makarantar yara, wa zai riƙe ta sama da wata huɗu?

Malama Zainab:
Sau ɗaya za ta sha wannan wahalar, Anti. Tana sakin littafi na farko da ta kammala, da safe tana rubuta na biyu. Kafin a gama sakin wancan, wannan ya wuce rabi. Idan kuma hakan ya gagara, mafi ƙaranci kada ta buɗe biya sai tana da kashi biyu cikin uku a hannu, ta kuma rubuta yadda labarin zai ƙare ko da a sakin layi biyar ne. Shafi 40 a ajiye, 20 a gaba. Ko jinyar mako biyu ta yi, masu karatu ba za su ji ba.

Yaya Mustapha:
Ina so in taɓa maganar sata, domin a nan hujjar Anti ta fi ƙarfi, kuma a nan take da rauni. Saki shafi-shafi a WhatsApp ba kariya ba ce sosai: rubutu ne tsirara, a danne shi a kwafa a manna a wani zauren, daƙiƙa biyar. Zauren WhatsApp ma mutum 1,024 yake ɗauka, wanda ya shigo a makare kuma sai an bi shi da shafukan baya ɗaya bayan ɗaya. Telegram ya fi dacewa da wannan sana'ar. A buɗe tasha ta sirri, a kunna hana adanawa da turawa, sabon shiga ya tarar da littafin tun daga shafi na ɗaya, kuma ana iya yi wa kowane mai biya mahaɗin shiga da ke aiki sau ɗaya kacal, don kada ya miƙa wa ƙawarsa. Duk da haka mai waya biyu zai ɗauki hoton fuskar ɗaya da ɗayar. Babu tsarin da ya toshe wannan.

Idan cikakken fayil za a sayar, a sa sunan mai saye da lambar wayarsa a ƙasan kowane shafi na PDF ɗinsa, a kuma gaya masa an sa. Wanda ya san sunansa zai bi fayil ɗin duk inda ya je, yana tunani kafin ya tura. Kuma idan an ga littafi a YouTube ba da izini ba, akwai fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a can. Tashar da ƙorafi uku suka tabbata a kanta ana iya rufe ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izinin mai shi ba. Abin da za a nema wurinka shi ne shaidar cewa naka ne, don haka a riƙa rubutu a inda kwanan wata ke zama, kamar Google Docs da ke adana tarihin kowane gyara.

Malam Habibu:
Ni ta fuskar amana zan shigo. Karɓar kuɗi kafin a miƙa kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, akwai cinikin salam. Amma hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya gindaya masa sharaɗi: ma'auni sananne, nauyi sananne, zuwa lokaci sananne. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan na malamai ne, amma marubuci zai iya ɗaukar darasi. Kafin ka sa lambar asusu, rubuta a fili: littafin zai kai kimanin shafi kaza, ana saki ranaku kaza a mako, za a gama a wata kaza, kuɗin nan na littafin ne gaba ɗaya har ƙarshe, idan ya tsaya fiye da kwana kaza za a mayar da kuɗi. Abin da ya fi ɓata sunan marubuta shi ne a kai tsakiya a ce an gama littafi na ɗaya, na biyu sabon biya, alhali ba a faɗa tun farko ba.

Malam Nasiru:
Malam Habibu ka taimake ni. Wanda bai rubuta littafin ba, ta ina zai san adadin shafinsa da ranar gamawarsa?

Anti Rabi:
Wadda ta rubuta littafi biyar ta san tsawon numfashinta, Malam. Sabuwar shiga ce ba ta sani ba, kuma a kanta na yarda da kai, ta kammala na farko tukuna. Amma akwai abin da kuke rainawa: sharhin masu karatu. Idan aka saki shafi aka ji zaure shiru, marubuciya ta san wurin ya yi sanyi, ta taƙaita. Idan wata ƙaramar tauraruwa ta ja hankali, a faɗaɗa mata. Littafin da aka kulle ɗaki aka gama ba ya samun wannan.

Malama Zainab:
Wannan ribar ita ce kuma hanyar lalacewa, Anti. Masu sharhi ba su ne yawancin masu karatu ba, su ne masu yawan magana. Su za su ce kada a kashe wane, dole wance ta auri wane, a ƙara wa muguwar uwar miji azaba. Marubuciyar da ke karanta sharhi kafin ta rubuta shafin gobe, ƙarshenta labarin ya zama na zaure. Idan ana son ra'ayi, a ba mutum uku zuwa biyar amintattu cikakken rubutun kafin saki, a yi musu tambaya takamaimiya: a wane shafi kika ji kina son ajiyewa, wa kika manta da shi a labarin, me kika hango tun kafin ya faru. "Ya yi daɗi" ba ya gyara komai.

Ɗabi'ar rubutun ma ba sai da bulalar masu biya take samuwa ba. A tsayar da lokaci ɗaya, ga mafi yawan mata bayan asuba kafin gida ya tashi, minti 45 zuwa awa ɗaya, a kashe data. Kada a yi taifin a cikin WhatsApp kai tsaye, a yi a Google Docs ko WPS, a tura kwafi imel duk Juma'a. A tsaya a tsakiyar fage, a bar layi ɗaya na abin da zai biyo baya, gobe ba a fara da kallon farin shafi ba. Ranar rubutu daban, ranar gyara daban. Mai komawa jimlar farko yana gogewa ba ya wuce babi na biyu. A kuma sa Hausa a madannin Gboard tun farko, domin bin kalma 90,000 ana mayar da k zuwa ƙ aiki ne na makonni.

Yaya Mustapha:
Ƙari kan haruffan nan: kafin a sayar da PDF a buɗe shi a wata wayar daban. Idan salon harafin da aka zaɓa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, akwatuna za su fito a madadinsu. A kuma yi shi da ƙaramin shafi kamar A5 da manyan haruffa, domin A4 a waya sai an yi ta ja da yatsa.

Malam Habibu:
Yaya, me ya hana a huta da duk wannan a ɗora a Amazon? Kashi 70 suke bayarwa.

Yaya Mustapha:
Kashi 70 ɗin a kan farashin dala 2.99 zuwa 9.99 ne, ƙasa da haka kashi 35. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da KDP, wato sashen Amazon na ɗora littattafai, ke karɓa, ana cire harajin kashi 30 daga cinikin Amurka saboda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, kuɗin kuma sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen wata. Masu karatunmu ba can suke ba. Suna biya ta tura kuɗi asusu, wasu da katin waya wanda sai an yi asara wajen mayar da shi kuɗi, na Nijar ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Amana. Mai son sauƙi ya duba irin su Selar da ke miƙa fayil da kansu bayan biya, ko ArewaBooks da ake karantawa a cikin manhaja, ya karanta kason da kowanne ke cirewa kafin ya sa farashi. Mai karɓa da hannu kuma kada ya yarda da hoton shaidar biya, ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin, alat na bogi ya yi yawa.

Duk inda aka ɗora, a riƙe abu biyu a hannu: asalin fayil da jerin masu saye. OkadaBooks ta yi shekara goma tana aiki, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wanda bai tara lambobin masu karatunsa ba sai ya faro daga tushe.

Anti Rabi:
Jerin nan ma hujjata ce. Zauren da aka shafe wata biyu ana karatu tare, su ne masu sayen littafi na gaba tun ranar farko. Na karɓi kashi biyu cikin uku na Malama Zainab, na karɓi sharuɗɗan Malam Habibu a rubuce. Amma a ce sai an sa aya ta ƙarshe, wannan ban karɓa ba.

Malam Nasiru:
Ni ma ban sauka ba, Anti. Kashi ɗayan da ya rage shi ne inda ake warware duk ƙullin da aka ɗaura, kuma shi ne ke tona asirin kuskuren da ke shafi na 3. Malama Zainab, a ce an buɗe biya da shafi 40 a hannu, aka zo na 50 aka ga dole sai an canja wani abu da aka riga aka saki, ya ake yi?

Malama Zainab:
Idan ƙarami ne, kamar suna ko shekara, a gyara a Telegram tunda yana barin a gyara saƙon da aka riga aka tura, a sanar a layi ɗaya a saman shafin ranar. Idan ginshiƙin labari ne, ba ya gyaruwa a wannan zagayen, Malam. Sai a lallaɓa a kai ƙarshe, a gyara a cikakken fayil ɗin da za a sayar daga baya, a kuma ba waɗanda suka biya tun farko gyararren kwafin kyauta.